Nasiha Ga Mai Neman Dillali Domin Sayen Gida

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Ubangijin da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya mana gidajenmu wurin natsuwa da rufin asiri. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka sani da gaskiya da riƙon amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah, a cikin masallaci da cikin kasuwa baki ɗaya, domin Ubangijin da muke wa sujada a sahu Shi ne Yake ganinmu lokacin da muke ƙirga kuɗi.

ABIN DA YA JAWO WANNAN NASIHA

Wata rana bayan sallar la'asar wani saurayi daga cikin ƴaƴan wannan ƙasa tamu ta Tarka ya tsare mu a ƙofar masallaci. Ya yi shekara uku yana haƙar zinariya a arewacin Agadas, ya tara abin da Allah Ya hore masa, mahaifinsa ya sayar da raƙuma biyu ya ƙara masa, da niyyar a sayi gida a Damagaram inda ƙannensa za su zauna su yi karatu, tsohuwarsa kuma ta samu masauki idan ta je asibiti. A tasha ya haɗu da dillalin da ya kai shi gidan. Ya ga mutum mai farar riga da carbi, mai daɗin baki, wanda ba ya ƙare magana sai da rantsuwa. Cikin kwana biyu aka gama ciniki, aka miƙa masa mabuɗi da wata takarda mai hatimi.

Bayan wata bakwai sai ga wani mutum ya dawo daga Libiya ya yi sallama a ƙofar gidan, ya ce nan ne gidan ubansu. Da aka bincika sai aka tarar gidan na gado ne da ba a raba ba. Babban wansu ne ya sayar, ba da sanin wannan matafiyi ba, ba da sanin ƴan'uwansu mata uku ba, kuma a cikin masu haƙƙi akwai marayu biyu waɗanda ubansu ya rasu bayan rasuwar mai gidan. Wanda ya sayar ya riga ya kashe kuɗin, dillali kuwa ya karɓi la'ada hannu biyu, lambar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Saurayin bai fara tambayarmu yadda kuɗinsa za su dawo ba. Abin da ya ce shi ne: "Allah Ya gafarta Malam, sallar da na yi wata bakwai a cikin gidan marayu, mene ne matsayinta?" Za mu kawo amsar da muka ba shi a ƙarshe, in Allah Ya so. Amma hanyar da ta kai shi ga wannan tambaya ita ce muke so mu toshe wa sauran ƴan'uwa.

Wani zai ce mu mutanen karkara ne, ina ruwanmu da dillalin gida? A da haka abin yake, mutum yakan je wurin mai gari a nuna masa fili ya kafa ɗaki ya ja darni. Amma zamani ya juya. A shekarar 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai zaman kanta, a shekarar kuma aka buɗe matatar man fetur a kan hanyar Tanut zuwa Damagaram. Daga 2014, da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, samarinmu suka kwarara arewa, ban da masu tafiya cin rani Libiya da Aljeriya da Najeriya. Duk wanda Allah Ya ba rabo a cikinsu, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne gida, a Belbeji ko Tanut ko Damagaram ko Agadas ko Maraɗi. Baƙo kuwa a birni makaho ne ko da yana da ido, dole sai da ɗan jagora, ɗan jagoran nan shi ne dillali.

HUKUNCIN DILLANCI A MUSULUNCI

Kada wani ya fahimci cewa muna zargin dillanci ne. Dillanci sana'a ce halattacciya kuma tsohuwa. Kakanninmu a Damargu, lokacin da ayarin gishiri ke zuwa daga Bilma a musanya shi da hatsi, fatake kuma suna wucewa Damagaram da Kano, sun san fatoma mai saukar da baƙo, sun san dillali mai haɗa shi da mai saye. Da babu su da ciniki bai yiwu ba tsakanin mutanen da harshensu ma ba ɗaya ba ne.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga sahabi Ƙaisu ɗan Abi Garaza (RA) cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) ana kiransu dillalai, sai Annabi ya wuce ta wurinsu ya kira su da sunan da ya fi wannan kyau, wato ƴan kasuwa, ya kuma gargaɗe su cewa ciniki ba ya rabuwa da maganar banza da rantsuwa, saboda haka su gauraya shi da sadaka. Ku lura, bai hana su sana'arsu ba, cutar da ke cikinta ya nuna musu. Imam Buhari ma ya ƙulla babi a kan ladan dillanci, inda ya ambata cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi ba a kan dillali ya karɓi lada. Kuma Annabi (SAW) da kansa ya wakilta Urwatul Bariƙi (RA), ya ba shi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Urwa ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya komo da akuya da dinari duka ya miƙa, bai ɓoye ribar a aljihunsa ba, sai Annabi ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Wannan shi ne irin wakilin da muke nema.

SIFFOFI BIYU DA BA MAKAWA

A cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, Allah (SWT) Ya ba mu labarin ɗiyar dattijon Madyana da ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kafa hujja da siffofi biyu, ƙarfi da amana. Malamai sun ɗauki wannan ma'auni ga duk wanda za a danƙa wa aiki, dillalin gida kuwa yana ciki.

Ƙarfin dillali shi ne saninsa. Ya san unguwar gida-gida, ya san wanda ya gina gidan da hannuwan da ya bi kafin ya zo ga mai shi na yau, ya san farashin da aka sayar da makamantansa, ya san takardun da hukuma ke amincewa da su. Ya san ko famfo na kawo ruwa a wannan layi, domin duk wanda ya zauna Damagaram ya san matsayin wannan tambaya. Ya san kuma inda ruwan sama ke bi da inda yake kwanciya. Da rani kowane fili tudu ne a bakin dillali, damina ce ke tona asiri. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ta rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi a farkon watan Satumba. Idan ruwa ya kayar da irin wannan gini, to ina ga ɗakin da aka kafa a bakin tafki ko a kan hanyar korama? Dillalin da bai san waɗannan abubuwa ba, ko da waliyyi ne, zai jefa ka rami da kyakkyawar niyya.

Amana kuwa ba a karanta ta a goshi. An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar (RA) domin ya tsarkake wani mai ba da shaida, ya ce ya san shi mutumin kirki ne. Sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar kuɗi. Da ya amsa babu ko ɗaya, Umar ya ce masa ashe bai san shi ba. To, ya ɗan'uwa, kai da ba ka taɓa tafiya da dillalin nan ba, nemi waɗanda suka yi hulɗar kuɗi da shi. Ka ce ya nuna maka mutum biyu ko uku da suka sayi gida ta hannunsa shekaru uku da suka wuce, ka je ka same su ba tare da shi ba, ka ji ko har yanzu suna barci lafiya. Ka san gidan da yake kwana da iyalinsa. Ka tambayi mai unguwa da limamin masallacinsu da dattawan sana'arsa. Mutumin da ba shi da adireshi sai lambar waya da bakin tasha, kada ka danƙa masa gumin shekara uku. Matambayi ba ya ɓata, kuma Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, domin kada mu wayi gari cikin nadama.

ALAMOMIN DILLALIN DA ZA A GUJA

Na farko, mai gaggauta ka. Zai ce akwai wani Alhaji da ya taya sama da kai, yana nan tafe da kuɗi bayan magariba. Wani lokaci har yakan kawo abokinsa ya taya a gabanka alhali ba saye zai yi ba. Wannan shi ne najashu, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Umar (RA). Idan kuwa da gaske an riga an daidaita da wani, to kai ma bai halatta ka shiga cinikin ɗan'uwanka ba. Ko ta wace fuska, babu abin da zai sa ka yi gaggawa. Sauri ya haifi nawa, gidan da yake rabonka zai jira ka ka yi istihara ka yi shawara.

Na biyu, mai hana ka ganin mai gida. Zai ce mai gidan ba ya son a san yana sayarwa, ko ya yi tafiya. Sau da yawa sirrin shi ne mai gida ya sallama a kan miliyan huɗu, a misali, shi kuma ya ce maka biyar, ya haɗiye ɗaya, sa'an nan ya miƙo hannu yana neman la'ada. Idan kai ka wakilta shi ya nemo maka, duk ragin da aka yi naka ne. Idan mai gida ne ya wakilta shi, duk ƙarin da aka samu na mai gida ne, sai abin da aka ba shi da sani da yarda. Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta halatta cinikin da aka yi bisa yardar juna, yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da aka ɓoye maka. Haka nan mai aiko maka hoton gida ta WhatsApp kana can wurin aiki ya ce ka turo kuɗi, wannan cinikin biri a sama ne. Gani ya kori ji. Idan ba ka iya zuwa, aiki ɗan'uwanka da ka yarda da shi ya shiga gidan da ƙafarsa.

Na uku, mai ɓoye aibi. An shafe tsagar bango da sabon yaɓe, an rufe bakin tsohuwar masai, ba a gaya maka akwai rigimar iyaka da maƙwabci ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya kuma bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. A hadisin Hakimu ɗan Hizam (RA) kuma an sanar da mu cewa masu ciniki idan suka yi gaskiya suka bayyana sai a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya sai a shafe albarkar. Dillalin kirki da bakinsa zai ce maka ɗakin nan yana yoyo, katangar nan tana son gyara. Idan ya zagaya da kai gida kaf bai ambaci aibi ko ɗaya ba, to ka sani babu gidan da ba shi da aibi.

Na huɗu, mai yawan rantsuwa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa rantsuwa tana sa haja ta shiga amma tana shafe albarka. Mai gaskiya takarda yake fitarwa ya kira shaidu, ba ya bukatar ya dinga kiran sunan Allah a kan kowane tubali.

Na biyar, mai raina rubutu. Zai ce haba, mu duka Musulmi ne, mene ne na takarda da zuwa ofis? Wannan ya fi dukkansu haɗari domin da rigar addini ya zo maka, alhali addinin ne ya yi umarni da rubutu, kamar yadda za mu gani.

LA'ADA DA KAFIN ALƘALAMI

A yanke maganar la'ada tun kafin a taka ƙafa zuwa ganin gida: nawa ce, wa zai biya, kuma yaushe. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne lada ya zama sananne. Imam Malik (RA) a cikin Muwaɗɗa ya halatta a ce wa mutum idan ka sayar da wannan a kan kaza kana da kaza, idan ba ka sayar ba ba ka da kome, amma bai yarda a ɗaura ladan a kan kowane dinari na farashi ba, domin ladan zai dinga hawa da sauka ba a san iyakarsa ba. Wasu malamai sun sauƙaƙa a kan yanka kaso cikin ɗari idan al'ada ta gudana a kai. Mu dai abin da muke ba da shawara shi ne a ambaci adadi tsayayye, domin dillalin da ladansa ke ƙaruwa da tsadar gida, yaya za a yi ya tsaya maka wajen neman ragi? Idan zai karɓa daga mai saye da mai sayarwa duka, to kowannensu ya sani. Kuma la'adar da aka ƙulla a kan kammala ciniki ba ta wajaba sai ciniki ya kammala, saboda haka kada ka biya ta kafin takardu su shigo hannunka.

Game da kafin alƙalami, idan an ba da shi a kan cewa wani yanki ne na kuɗin gida, in ciniki ya faɗa a lissafa shi, in ya watse a mayar wa mai shi, wannan babu laifi. Amma sharaɗin cewa in ka fasa kuɗinka sun tafi, Imam Malik ya hana shi, ko da yake Imam Ahmad ya halatta. A kowane hali, a hannun mai gida ake sa shi, gaban shaidu, a rubuta.

GIDAN GADO DA ƘASAR JAMA'A

Tambayar farko da za ka yi wa dillali ita ce: ta yaya mai gidan nan ya mallake shi? Idan ya ce gado ne, to zauna ka gyara zama. Su wane ne magada? An raba ko ba a raba ba? Akwai wanda ke tafiya? Akwai mata? Akwai marayu? A fiƙihunmu, wanda ya sayar da abin wani ba da izininsa ba, cinikin yana rataye ne a kan yardar mai abin, in ya ƙi ya warware. Ko da rabonsa kaɗai mutum ya sayar a cikin gidan da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya abin da ka biya su karɓe rabon. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya bayyana cewa wanda yake nan haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa kome daɗewar tafiyarsa. Ku duba wannan hukunci da kyau, a ƙasar da kusan kowane gida yana da ɗa a Libiya ko Aljeriya.

Mata kuma Allah Ya yanka musu rabonsu a Suratun Nisa'i, shirun ƴar'uwa don kunyar yayanta ba sallamawa ba ne, sai an ji daga bakinta. Rabon maraya ba a sayar da shi sai ta hannun waliyyinsa na shari'a ko alƙali, kuma don wata maslaha bayyananniya ta shi marayan, domin aya ta 10 a wannan sura ta kira cin dukiyar maraya da zalunci cin wuta. Filin masallacin Madina na marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, sun so su ba da shi kyauta amma Manzon Allah (SAW) bai karɓa ba sai da ya saya. Idan ɗakin Allah ba a gina shi a kan haƙƙin maraya ba, ina ga ɗakin kwananka? Saboda haka ka nemi ganin takardar taron dangi da gidan shari'a ya tabbatar, wadda ta ambaci magada da wanda suka wakilta ya sayar.

Mu a nan Tarka muna da ƙarin abin lura, domin muna zaune ne inda ƙasar noma ta haɗu da ƙasar kiwo. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara tabbatar da ita. Burtali da makiyaya da mashaya haƙƙin jama'a ne, babu wanda ya mallake su balle ya sayar. Duk dillalin da ya auna maka fili a cikinsu, rigima ya sayar maka. Mu tuna ƙarar da Arwa ta kai Sa'idu ɗan Zaidu (RA) cewa ya ci mata ƙasa, ya ce yaya zai yi haka bayan ya ji Manzon Allah (SAW) yana gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Ya bar mata wurin ya kai ƙara ga Allah, kuma Muslim ya ruwaito cewa ba ta mutu ba sai da ta makance, ta faɗa rami a cikin ƙasar tata.

RUBUTU DA SHAIDU

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma sahabbai aka fara yi wa wannan umarni, su da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Neman takarda ba zargi ba ne, bin umarni ne. Idan a karkara ne, tun dokar tsarin karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo, a gari da komin da gunduma, masu ba da takardar shaidar saye bayan an yi shela an ji babu mai jayayya. Idan filin loti ne a birni, ka ɗauki takardar da aka nuna maka ka je da ƙafarka ma'aikatar magajin gari a buɗe littafi, a ga lambar filin da sunan da ke kai sun dace da mai sayarwa, sa'an nan a je a ga duwatsun iyaka a ƙasa. Hatimi ba wuyar sassaƙawa gare shi ba, kuma an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Idan gidan yana da takardar mallaka ta dindindin, har da sauƙaƙƙiyar nan da ake kira Sheda wadda aka fito da ita a 2006, to a bi ta hannun noter a juya suna, a kuma tabbatar ba a jinginar da ita a banki ba. Kuɗi kuwa a hannun mai gida ake zuba su, gaban adilai biyu waɗanda ba dillali ne ya zo da su ba. Dillalin gaskiya shi zai riga ka zuwa waɗannan ofisoshi. Kafin duk wannan, ka zauna da maƙwabta, domin sun san tarihin gidan fiye da kowa, kuma maƙwabci nagari yana cikin abubuwan da hadisi ya lissafa a jin daɗin ɗan Adam.

KIRA GA ƳAN'UWANMU DILLALAI

Ya ku masu wannan sana'a, mun san a cikinku akwai dattawan da suka tsufa suna haɗa ciniki ba a taɓa kai su gaban alƙali ba, Allah Ya ƙara musu albarka. Ku sani baƙon da ya sauka hannunku amana ce, kuma la'adar da kuka ci a kan gidan maraya ita za ku kai wa ƴaƴanku su ci. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutum a cikin al'ummun da suka gabata wanda ya sayi fili ya tarar da tulun zinariya a ciki, ya mayar wa mai sayarwa ya ce ƙasa ya saya ba zinariya ba, shi kuma ya ce ya sayar da ƙasa da abin da ke cikinta. Wanda suka kai wa ƙara ya sa ɗan wannan ya auri ɗiyar wancan, a ciyar da su daga dukiyar a kuma yi sadaka. Waɗannan kowa gudun haƙƙin ɗan'uwansa yake, mu kuwa yau shari'armu ta koma ta wanda zai riga cinyewa. Wanda ya san ya taɓa ɓoye ƙari ko aibi, ƙofar tuba a buɗe take, amma tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar musu da abinsu.

Amsar da muka ba saurayin nan ita ce, sallarsa ta inganta kuma babu zunubi a kansa a kan abin da bai sani ba. Amma daga ranar da ya sani, bai halatta ya riƙe rabon waɗanda ba su sallama ba, sai su yarda da cinikin a biya su, ko ya mayar musu ya bi wanda ya karɓi kuɗinsa. Ya fita daga gidan, har yau yana bin kuɗinsa kaɗan-kaɗan, ƙannensa kuma suna zaune gidan haya. Ya roƙe mu mu gaya wa jama'a, ga shi mun isar.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram, Ya haɗa mu da amintattu a cikin hulɗoɗinmu, Ya mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, Ya ba marar gida gida mai albarka da maƙwabta nagari. Allah Ya tsare ƴaƴanmu da ke wurin nema Ya dawo da su lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.